Gwaggo, wai vata ce ta yi mini yawa

Ni ɗaliba ce a Bangalore ta ƙasar Indiya, shekarata ta biyu ke nan ina karatun haɗa magunguna. Tun da damina ta sauka a nan jikina ya ƙi daɗi. Na rame har sai na sa wa siket ɗina fil, fatata ta bushe, dunduniyata ta yi faso, sai in kwana uku ban zaga ba, cikina kullum a kumbure. Barci kuwa sai wajen ƙarfe uku na dare yake ɗaukata, kuma motsi kaɗan in farka gabana na faɗuwa. Matar da nake haya a gidanta 'yar jihar Kerala ce, tana ji da ni sosai. Ita ta kai ni wurin wani likitan gargajiyarsu. Ya ɗora yatsu uku a wuyan hannuna, ya duba harshena, ya yi ta yi mini tambayoyi, sannan ya ce vata ce ta yi mini yawa. Ya ce in riƙa shafa man riɗi mai ɗumi kafin wanka, in bar ruwan firji, in ci abinci da zafinsa, in kwanta da wuri. Ya kuma ba ni wata kwalba mai ruwa baƙi-baƙi. Abokiyar zamana ta ce wannan harkar masu bautar gumaka ce, kada in kuskura. Ban gaya wa Mama ba don kada hankalinta ya tashi. Gwaggo, mece ce vatar nan? In bi, ko in bari?

'Yarki a Bangalore

Sannu da jiki, sannu kuma da zaman nesa da gida. A duk wasiƙarki, wannan ƙarfe ukun daren ya fi tsaya mini a rai, kuma zan zo kansa. Bari in fara da abin da kika tambaya.

Likitancin da aka kai ki wurinsa shi ake kira Ayurveda, kuma ba na jiya ba ne. Manyan littattafansa guda biyu, na Charaka da na Sushruta, sun doshi shekara 2,000. Na Vagbhata, wanda mutanen Kerala suka fi riƙo da shi, an rubuta shi wajajen ƙarni na 7. Tun 2014 gwamnatin Indiya ta ware ma'aikata guda mai suna AYUSH don kula da shi da sauran hanyoyin maganin gargajiya, kuma wanda zai amsa sunan likita a fannin sai ya yi shekara biyar da rabi yana karatun digirin da suke kira BAMS. Saboda haka ki tambayi matar gidanku ko mutumin nan yana da wannan shaida da rajista. A can ma akwai masu sani, akwai masu neman na tuwo kawai.

A fahimtarsu, abubuwa uku ne ke tafiyar da jikin ɗan Adam, suna kiransu dosha. Pitta ita ce zafin jiki da narkar da abinci. Kapha ita ce laima da maiƙo da nauyin da ke riƙe jiki. Vata kuwa ita ce motsi: numfashi, bugun zuciya, ƙiftawar ido, tafiyar abinci cikin hanji, fitar fitsari da bayan gida, naƙuda, har da kai-komon tunani. Suna danganta ta da iska da sarari, suna siffanta ta da bushewa, sanyi, kaushi, rashin nauyi da rashin zama wuri ɗaya. Babban mazauninta shi ne babban hanji, sai ƙugu, cinyoyi, ƙasusuwa, kunne da fata. In kina son ki gane ta nan take, ki tuna tsakiyar hunturu a gida: leɓe ya tsage, hanci ya bushe, ƙafa ta yi kaushi, gaɓoɓin tsofaffi na ƙara, kowa na neman inda zai raɓa ya ji ɗumi. To mutumin da jikinsa ya zauna a wannan hali shi suke cewa vata ta yi masa yawa. Charaka ya lissafa cututtuka 80 da ya jingina mata, alhali na pitta 40 ne, na kapha 20. Shi ya sa suka fi jin tsoronta, suna ganin ita ke kora sauran biyun duk inda za su.

Abubuwan da suka ce suna tayar da ita, ki karanta ki ga ko ba ki ga kanki ba: yawan tafiye-tafiye, raba dare, tsallake abinci, cin busasshen abu da mai sanyi, damuwa, tsoro, baƙin ciki, da danne buƙatun jiki. Wannan na ƙarshen sun ba shi muhimmanci ƙwarai, har Charaka ya ƙirga abubuwa 13 da bai kamata a danne ba, cikinsu akwai fitsari, bayan gida, atishawa, hamma, yunwa, ƙishirwa, barci da hawaye. Sun kuma ce tana ƙaruwa da tsufa, da la'asar, da ƙarshen dare, kuma cikin shekara damina ce lokacin tashinta. A Kerala ma watansu na Karkidakam, daga tsakiyar Yuli zuwa tsakiyar Agusta, shi ne watan da iyalai ke shafe-shafen mai da shan kunun magani. Ƙa'idar gyaranta ɗaya ce: abu yana ƙara irinsa, kishiyarsa ke rage shi. Bushewa a ba ta mai, sanyi a ba shi ɗumi, rawar kai a ba ta tsari da hutu.

Ga inda ni na tsaya. Babu gwajin jini ko hoton asibiti da ke nuna vata. Hanya ce ta mutanen da, masu zurfin lura, ta tattara alamomin da suka ga suna yawan tafiya tare su ba su suna ɗaya. An ma gwada a sa likitocin Ayurveda da dama su taɓa jijiyar mutum ɗaya, aka ga bakinsu bai cika zuwa ɗaya ba. Don haka kada ki ɗauki sunan a matsayin an gano ciwonki. Amma shawarwari huɗun da ya ba ki, mai da ɗumi da abinci mai zafi da kwanciya da wuri, ki riƙe su hannu bibbiyu. Ba su da tsada, ba sa cutarwa, kuma yarinyar da ke zaman kaɗaici a ƙasar wasu su ne farkon abin da take sakewa.

Yanzu batun ƙarfe uku. Indiya tana gaban Najeriya da awa huɗu da rabi. Lokacin da mutanen gidanku suka idar da isha'i, suka ci tuwo, hira ta yi daɗi a waya wajen ƙarfe goma, ke a wurinki biyu da rabi na dare ne. Ina kyautata zaton jikinki na Bangalore, amma agogon zuciyarki bai bar gida ba. Kina raba dare da su, ki tashi a makare, ki fita aji ba karin kumallo, ki yi maganin yunwa da biskit da lemon kwalba, ki riƙe fitsari da bayan gida saboda banɗakin makaranta bai kwanta miki ba. Wata shida a haka, ko wace ce sai ta bushe. Ki mayar da kiran gida zuwa bayan magaribarku, lokacin su suna tsakar rana. Ranar Lahadi ki yi doguwar hirarki. Ƙarfe goma na darenku ki kashe waya, ki ajiye ta inda hannunki ba zai kai ba daga kan gado. Kwanakin farko za ki yi ta juyi, ki daure, ki tashi da asuba ko da barcin bai ishe ki ba, kuma kada ki rama da dogon barcin rana. Salla ta riga ta raba miki yini gida biyar, sai ki jingina abincinki da ita: kalaci bayan asuba, babban abinci da azahar, mara nauyi tsakanin magariba da isha'i.

Shafa man da ya ce, suna kiransa abhyanga. Man riɗi a shagunan kudancin Indiya za ki ga an rubuta gingelly a jikin kwalbar. Ki zuba cokali uku ko huɗu a ƙaramin kofi, ki tsoma gindin kofin cikin ruwan zafi har man ya yi ɗumi, ki ɗiga a bayan hannunki ki ji bai ƙona ba. Ki fara da tsakiyar kai, in kina da kitso ɗan kaɗan ya isa. Hannuwa da ƙafafu ki ja su a tsaye, gwiwa da kafaɗa da idon sawu ki murza a kewaye. Ciki ki faro daga ƙasan dama, ki haura, ki ƙetara saman cibiya, ki gangara hagu, don haka babban hanji ya kwanta. Ki zauna kamar minti goma sha biyar a inda ba iska, sannan ki yi wanka da ruwan ɗumi, ki kuma kula da santsin ƙasan banɗaki. Ranar da lokaci ya ƙure, tafin ƙafa kaɗai da dare, ki cusa man cikin fason, ki sa safa. In kina zazzaɓi ko ƙuraje sun feso, ki dakata. Su kansu littattafan sun hana a irin wannan hali. Sun ambaci ɗiga mai a kunne, wannan ki bar shi.

Abinci kuwa, sun kasa ɗanɗano gida shida. Zaƙi, tsami da gishiri ke kwantar da vata; ɗaci, yaji da bauri ke tayar da ita. Zaƙin da suke nufi ba na alewa ba ne, na shinkafa ne da alkama da madara da man shanu da dabino. Ki roƙi matar gidanku ta koya miki khichdi: shinkafa da ƙaramin koren waken da suke kira mung, a dafa su luguf da man shanu da citta da kurkum da kayan ƙamshin girkin da suke kira jeera. Namu na gida da yawa sun hau wannan layi, kunun gyaɗa, fate, tuwon shinkafa da miyar kuɓewa. Abu ɗaya nake so ki kiyaye: za ki ji ana cewa mai vata ya guji ɗanyen ganye da wake, kada ki mayar da wannan hujjar barin kayan lambu. Mai taurin bayan gida ba ta da aboki kamar su. Ki dafa su su yi laushi, ki ci gwanda da ayaba nunanniya, ki sha ruwa isasshe ko da mai ɗumi ne. Kofi ki tsayar da shi a safiya.

Duk wannan ki yi shi tare da zuwa asibiti, a wannan makon, ba bayan kin gwada mai na wata uku ba. Ramar da ba ki neme ta ba, da faɗuwar gaba, da rashin barci, alamu ne da ke iya zama na ƙarancin jini, ko na tayirod, wato halittar nan ta gaban wuya da kumburinta ke jawo maƙoƙo, ko na ciwon suga. Dukkansu gwajin jini mai sauƙi ke nuna su. In akwai tari, ko zazzaɓin yamma, ko gumin dare, ki faɗa a duba ki tarin fuka, don babu ƙasar da ta kai Indiya yawan masu shi. Ki kuma gaya wa likita gaskiyar abin da ke ranki. In kina yawan kuka, ko komai ya fita a kanki, wannan ciwo ne da ake magani, ba raunin imani ba ne.

Kwalbar nan kada ki buɗe ta tukuna. Ki duba sunan. In ya ƙare da arishta ko asava, tsimi ne da aka bari ya yi tsami da kansa, kuma akwai barasa a ciki, wani har kusan kashi 12 cikin 100. Ki koma ki ce masa addininki ya hana, ya san da haka, akwai Musulmi da yawa a Kerala. Akwai kashayam, wanda tafasasshen ruwan saiwoyi ne. Ki kuma karanta jerin abin da aka haɗa: in kin ga gomutra, fitsarin saniya ne. Ke da kike karatun haɗa magunguna, ki kai kwalbar wurin malaminki ku duba tare.

Abokiyar zamanki kishin addini ne ya sa ta magana, kada ki ji haushinta. Gaskiya ne Ayurveda ya tashi cikin al'adar Hindu, kuma za ki ga hoton Dhanvantari, abin bautarsu na magani, da fitila a gabansa a asibitocinsu da yawa. Wannan ba naki ba ne. In aka kawo wani karatu ko rusunawa, ki ce a'a cikin ladabi. Amma man riɗi man riɗi ne, shi ake nomawa a Jigawa da Nasarawa. Kuma magabata ba su ƙyamaci ilimin ba. A Bagadaza zamanin Abbasiyawa an fassara littattafan likitancin Indiya zuwa Larabci, kuma Ali bin Rabban al-Ɗabari, a littafinsa Firdausul Hikma da ya kammala wajajen shekarar 850, ya ware sashe guda ya taƙaita abin da su Charaka da Sushruta suka ce. In zuciyarki ba ta natsu ba, ki tambayi malamin da kika yarda da shi, ki zayyana masa ainihin abin da aka ce ki yi.

Sai Mama. Ki gaya mata. Ranar da kika sauka a filin jirgi ta gan ki a rame, tashin hankalinta zai ninka na yau, ga zafin kin ɓoye mata. Ki fara zuwa asibiti, ki karɓi sakamako, sannan ki kira ta da labari cikakke: ga abin da ya same ni, ga abin da nake yi a kai. Ki kuma gode wa matar gidanku da kyau. Wadda ta lura kin rame ta kama hannunki ta kai ki neman magani, ta cancanci ki riƙa zama kina cin abinci tare da ita maimakon ke kaɗai a ɗaki.

* * *

Salamu alaikum Hajiya Gwaggo. Mahaifinmu ne, shekarunsu 72, ɓarin jikinsu na hagu ya shanye wata takwas da suka wuce. Suna magana, suna takawa da sanda in an riƙe su, amma hannun bai dawo ba. Wani abokin kasuwancina da ya je Indiya ya ce a Kerala akwai inda ake kwantar da mutum a yi masa gashin mai, wai ciwon vata ne, mutum ya miƙe garau. Ƙannena sun ce a sayar da gonar gado a kai su. Ni ne babba, na ƙi, yanzu ana kallona a matsayin wanda ya fi son gona da uba. Abin na ci mini rai.

Ɗanki daga Kano

Wa alaikas salam ɗana. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne, ya kuma saka muku da kuke ɗawainiya da su.

Abokinka bai yi ƙarya ba a kan cewa wuraren suna nan. Ayurveda ya sa shanyewar ɓarin jiki cikin cututtukan vata, yana kiranta pakshaghata, kuma Kerala ta yi suna a wannan jinya. Akwai tsofaffin cibiyoyi irin Arya Vaidya Sala ta garin Kottakkal, wadda aka kafa tun 1902. Ana kwantar da mara lafiya mako biyu zuwa huɗu a kan wani gadon katako mai kwari. Wani lokaci mutum biyu ko huɗu su riƙa matse tsumma suna kwarara masa mai mai ɗumi, wani lokaci a dafa wata shinkafa da ake kira njavara cikin madara, a ƙulle ta a ƙyalle a riƙa dannawa a gaɓoɓi. Akwai kuma basti, wato ɗura mai ko ruwan magani ta dubura, wanda Charaka ya ɗauka rabin dukkan magani ne saboda a hanji vata ke zaune.

Inda maganar abokinka ta zarce shi ne "garau". Ciwon Baba a ƙwaƙwalwa yake. Jijiyar jini ce ta toshe ko ta fashe, wani yanki ya rasa jini ya mutu, kuma mai ba ya tayar da shi komai ɗuminsa. Abin da ke dawo da hannu da ƙafa shi ne sauran ƙwaƙwalwar ta koyi aikin da wancan yankin ke yi, kuma ba ta koyo sai da maimaici: a miƙa, a damƙa, a saki, a taka, yau da gobe. Saurin farfaɗowa a wata uku zuwa shida na farko yake, bayan nan ana ci gaba da samu amma a hankali. Inda aka gwada jinyar Ayurveda aka ga alheri a fili, misali, shi ne ciwon gwiwa na tsufa: a wani bincike da aka yi a Berlin ta Jamus aka buga a 2018, mutum 151 aka raba gida biyu na mako 12, waɗanda aka yi wa tausar mai da gyaran abinci suka fi samun sauƙi. Amma gwiwa daban, ƙwaƙwalwa daban.

Ga kuma haɗari ga dattijo mai shekara 72: doguwar tafiyar jirgi, da maganin wankin ciki da ke iya ƙarar da ruwan jiki, da zafi a kan fatar da ba ta ji sosai, wadda za ta ƙone bai sani ba. Mafi muni, wani ya ce a dakatar da maganin hawan jini ko na tsinka jini. Wannan shi ke kawo bugu na biyu.

Ni ina bayanka a kan gonar. Amma ƙi kawai ba zai kashe wutar ba, domin ƙannenka ba mugunta suke ba, zuciyarsu ce ta kasa jure kallon Baba a haka suna zaune. Ka ba su abin yi. Ka tara su, ka ce ga abin da za mu kashe a kai: likitan gashi da motsa gaɓoɓi ya riƙa ganin Baba a kai a kai ya kuma koya mana atisayen, na'urar awon jini a gida, ƙarfen dafawa a banɗaki, maganinsu kada ya yanke ko na kwana ɗaya. Sannan ku raba kwanaki, kowa da ranarsa. Tausar man riɗi mai ɗumi ku yi musu ita a gida da hantsi, a ƙafafu da baya da yatsun da suka ƙage, tana sassauta jijiya, tana hana fata tsagewa, tana sa barci. Ku gwada ɗumin a jikinku tukuna. Kada wanda ya ja hannun da ya shanye ko ya ɗaga su ta hammata, kafaɗar tana iya gocewa. Abinci mai laushi da ɗumi a kan lokaci, gishiri kaɗan, man shanu kaɗan. A nan umarnin likitan zuciya ke gaba da ƙa'idar vata. In suna ƙwarewa wajen haɗiya, a gaya wa likita.

Kuma ka tambayi Baba da kansu. Suna magana, hankalinsu na nan, gonar ma tasu ce. Sau da yawa 'ya'ya na ta jayayya a zaure, mai ciwon na ciki ba wanda ya ji ta bakinsa.

* * *

Gwaggo barka da aiki. Na amsa wasu tambayoyi a waya, aka ce ni mai vata ce. Wata mai sayar da kayan mata ta kawo mini garin ashwagandha da wasu ƙananan ƙwayoyi na Indiya, ba takarda a jikinsu, ta ce suna sa barci da ƙiba. Sati uku ina sha. Jiya na gwada na ga ina da ciki, bayan shekara huɗu muna nema. In ci gaba?

Ƙanwarki daga Kaduna

Kai, alhamdu lillahi! Allah ya raya, ya sauke ki lafiya. Ki daina shan duka biyun yau ɗin nan, ƙanwata, kada ki jira ƙarshen sati.

Ashwagandha saiwa ce da Ayurveda ke ba masu vata, kuma wasu ƙananan bincike sun nuna tana ɗan taimaka wa barci da damuwa. Amma ba a ba mai ciki, ana tsoron ɓari. Tana taɓa aikin tayirod, an kuma samu waɗanda ta ji wa ciwo a hanta. Ƙasar Denmark ma ta hana sayar da ita a 2023.

Ƙwayoyin nan marasa takarda sun fi tayar mini da hankali. Akwai reshen Ayurveda da ke ƙona ƙarafa a mayar da su toka, su kira ta bhasma, a haɗa cikin magani da gangan. A 2004 masu bincike a Boston ta Amurka sun sayi irin waɗannan magunguna 70 a shaguna, suka tarar 14 na ɗauke da dalma ko zaiba ko gubar arsenik. A 2008 suka sake gwada 193 da aka saya ta intanet, aka sake samun kusan ɗaya cikin biyar. Mu ba baƙin gubar dalma ba ne. Mun ga abin da ta yi wa yara sama da 400 a Zamfara a 2010. Tana ratsa mahaifa ta kai ga ɗan tayi.

Kada ki firgita, sati uku ba yana nufin an yi ɓarna ba. Amma gobe da safe ki je awo, ki tafi da garin da ƙwayoyin a jakarki, ki ɗora su a teburin likita ki faɗi tsawon lokacin da kika yi kina sha. Ki tambaya ko za a duba miki hanta da dalma a jini, ki kuma fara folik asid da za su ba ki. In kin ga idonki ya yi rawaya, ko fitsari ya yi duhu, ko ciwon mara, ko ɗigon jini, kada ki jira gari ya waye. Ki gaya wa maigidanki yau, ya raka ki. Ita kuma mai kayan, ki sanar da ita cikin mutunci abin da likita ya ce, don akwai wasu matan da take kai wa.

Tambayoyin waya kuwa ki manta da su. Rashin barcin ki fara masa da madara mai ɗumi da dabino biyu bayan isha'i, da ɗan man riɗi a tafin ƙafa, da kwanciya a lokaci ɗaya kullum. In bai yi sauƙi ba cikin mako biyu, ki faɗa a wurin awo. Ki rubuto mini bayan kin ga likita.